Takardun Baba a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Ni ce na sa wani dattijo makiyayi ya kwana uku a kulle, kuma da dutsen guga na yi wannan aika-aika. Har yau idan aka taru a gidanmu na Kebbe sai wani ya ɗauko maganar, a yi ta dariya, ni ma in taya su. Amma akwai inda labarin ke kaiwa in daina dariyar.

A lokacin ina da shago a Tambuwal, ba nisa da sakatariya. Bayan na gama karatun kwamfuta a Sakkwato na yi aure, maigidana ya kama mini shagon ya zuba kwamfuta da firinta da sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta adana shi a cikin kwamfuta. Masu kyamis da 'yan kwangila da masu sayar da taki suka riƙa kawo mini takardunsu na shekara da shekaru a cikin buhu. In ɗauki hoton kowace, in sa mata suna da kwanan wata, in zuba musu a filas, wato ma'ajiyar kwamfuta 'yar ƙarama kamar ɗan yatsa. Mutum ya shigo da buhu ya fita da abu a aljihu yana sa mini albarka. Kaina ya kumbura ƙwarai. Na kai matsayin da ba na iya ganin tsohuwar takarda a hannun mutum ban ji tausayinsa ba.

Wanda na fi tausaya wa kuwa shi ne mahaifina. Baba dillalin shanu ne a karar Kebbe tun kafin a haife ni. A kara, idan aka sayar da dabba ana rubuta takardar shaida, a faɗi irin dabbar da wanda ya saya, mai sayarwa ya dangwala yatsa, dillali ma ya dangwala. Wannan takarda ita ke raba mutum da zargin sata idan wani ya tare shi a hanya ya ce sansa ne. Makiyaya kuwa mutane ne masu tashi, yau suna nan gobe sun bi ciyawa, ruwa ya jiƙa kayansu, rana ta busar. Saboda haka ba su riƙe takardunsu, wurin Baba suke bari. Duk ranar da magana ta taso sai a aiko, Baba ya shiga ɗakinsa, kafin a gama gaisawa da ɗan aike ya fito da takardar. Bai yi boko ba, rubutun hannun mutane na ajami ma ba ya iya bi, amma ban taɓa jin ya fito da wadda ba ita ba. Ni dai sa'a na ɗauki abin.

Ɗakin nan kuwa abin kallo ne. Gwangwanayen madara manya-manya jere a ƙarƙashin gado, kowane cike da takardu a nannaɗe, an tsire su da ƙaya. Wata an rubuta ta a kan takardar littafin 'yan makaranta, wata a bayan kwalin sukari, wata a yankin buhun siminti. Gefunansu duk a yayyage kamar ɓera ya yi biki a kai. Da damina ta wannan shekara rufin ɗakin ya yi yoyo, gara kuma ta cinye gindin gwangwani ɗaya da ya yi tsatsa ta shiga. Da na zo gida na gani sai na ce lokaci ya yi. Na zauna na yi wa Baba lacca a kan zamani, har da misalin gobara da ambaliya. Ya saurare ni yana ɓare goro. Sai da na haɗa da Inna, mahaifiyata, wadda dama ta gaji da share tarkacen, sannan ya sassauto.

Ya ce, "Ɗauki hoton da kika so. Amma ki maido min su yadda kinka iske su."

Na ce to. Na ji shi sarai, ba wai ban ji ba. Kawai dai a raina na riga na yanke cewa zan maido masa da su fiye da yadda na same su.

Na loda gwangwanayen a motar kasuwa zuwa Tambuwal. Ranar farko na gane aikin ba irin na masu kyamis ba ne. Sikana tawa tana da baki a sama inda ake jera takardu ta riƙa zuƙa ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta son takarda mai lanƙwasa. Ta farko da na sa ta maƙale, na'urar ta yi ƙara kamar akuya ta shaƙe da leda. Na zaro da ƙyar. To ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Na zare ƙayoyin duka na tara a faranti, da yamma na hura wuta da su. Na kai takardun gida, na zuba gawayi a dutsen guga, na shimfiɗa tsohon zane a kai na bi su ɗaya-ɗaya har suka miƙe sumul. Gefunan da suka yayyage na sa almakashi na daidaita. Sannan na jera su bisa girma, manya da manya, ƙanana da ƙanana, don na'urar ta ji daɗin zuƙa. Maigidana ya shigo ya same ni ina guga, ya leƙa ya ga abin da ke ƙarƙashin zanen, ya ce shi rigarsa ta Juma'a kwana uku tana jira amma ga kwalin sukari ya samu shiga.

Wajen sa suna ne na ɗan yi turus. Yawancin takardun ba kwanan wata, sai dai a rubuta ran kasuwa. Sunayen masu saye kuwa kamar guda huɗu ne ke yawo a cikinsu, kowa sunan kakansa gare shi. Bayanin dabbar ma iri ɗaya, sa fari, sa ja, karsana fara. Rabinsu da ajami aka rubuta, da fensir, da hannun da ko mai shi sai ya yi tunani. Ban damu ba. Na sa musu lamba, takarda ta ɗaya, takarda ta biyu, har ƙarshe, na tura na ajamin can baya. Ainihin takardun kuma na jera su bisa lambar a cikin akwatin roba mai murfi, sabo fil.

Ranar da na kai wa Baba na sa sabon mayafi, don ina jiran yabo. Na ajiye akwatin a gabansa, na ɗora filas a kai. Ya buɗe, ya ɗauki ta sama, ya juya ta, ya shafa gefenta da babban yatsa. Ya ɗauki ta biyu ya yi haka. Ya tambaye ni ina ƙayoyin, na ce na hura wuta da su. Ya tambaya wa ya yanke bakin takardun, na ce ni ce, har ina ƙara bayanin cewa almakashin sabo ne. Ya rufe akwatin a hankali ya ce Allah ya yi albarka. Na koma Tambuwal ina jin haushin cewa tsofaffi ba su iya godiya ba. Daga baya Inna ta gaya mini ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Ba a yi mako uku ba, ranar wata Talata da hantsi, sai ga Baba a ƙofar shagona a bayan ɗan acaɓa, ƙafafunsa duk laka, ya rungume akwatin robar a cinya. Baba bai taɓa zuwa shagona ba. Ko zama bai yi ba ya faɗi abin da ya kawo shi. Amininsa ne, wani Bafillace makiyayi da muke kira Baffa, wanda tun ina yarinya yake kawo mana nono da man shanu. 'Yan banga na wani ƙauye sun tare shi da wani jan sa, wani mutum ya rantse nasa ne da aka sace. Sun kulle Baffa a ɗakin ajiyarsu, sun ɗaure san a gindin bishiya, sun ce in ba a kawo takarda ba zuwa Juma'a za su miƙa shi gaba a matsayin ɓarawon shanu. Kuma Baba ne dillalin cinikin, damina biyu da suka wuce.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, shi ya sa aka yi kwamfuta. Na buɗe na fara karanta masa. Sa ja, sa ja, sa ja. Kafin azahar na samo jajayen shanu sun fi ashirin, kusan duk masu sayen sunansu ɗaya da na Baffa. Na juyo na ce wa Baba ya nuna mini wacce ce. Nan ne ya zauna a kan benci ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko.

Ashe ƙaya ɗaya mutum ɗaya ce, duk takardun da ta tsire na mutum guda ne. Naɗin takarda kuma shi ke faɗin lokaci, cinikin damina a ninka huɗu, na kaka a ninka kamar laya, na rani a naɗe a tsaye. Yagar gefen da na bi da almakashi kuwa ba ɓera ba ne. Baba ne ke tsaga kowace takarda daidai yadda rugar mai ita ke tsaga kunnen shanunta. Ko ido rufe ya sa hannu a gwangwani ya san ta wane ce.

Ya ce, "Ke da ido kika karatu, ni da hannu nika yi. To kin goge min rubutu, ɗiyata."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Shekara talatin da wani abu na aikin mutum na bi da wuta da almakashi a cikin kwana shida, ina waƙa.

Don dai in sami abin yi da hannuna, na ƙara wa hoton da ke kan allon kwamfutar girma. Sai Baba ya miƙe ya matso. Ashe hasken sikana ya kama abin da ido ba ya gani a kan takardar da aka goge. Layin tsohon naɗi ya fito siriri kamar zare, ramin ƙaya kuma ya fito baƙi ƙirin. Baba ya sa yatsa a kan gilashin ya ce wannan cinikin rani ne, kuma ƙayar bagaruwa ce, ba ta Baffa ba. Takardun Baffa suna da yawa, da ƙayar aduwa yake tsire su, raminta ya fi faɗi, kuma sau biyu yake sokawa. Muna neman ninki huɗu ke nan da manyan ramuka biyu.

Haka muka fara, ni a kan kujera, shi a tsaye a kaina. Idan yana son in ƙara girma sai ya ce in matso da ita. Idan ya gama sai ya lashi yatsa ya shafi gilashin zai buɗe shafi na gaba. Na gaya masa sau goma cewa ni ke juyawa daga nan, bai fasa ba, har allon ya yi jirwaye da jan goro. Da wuta ta ɗauke na tayar da janareta, ya tambaya ko takardun suna nan ko sun tafi da wutar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ba ya iya wuce takarda bai gaishe ta ba. Yana gane ta sai ya ja numfashi ya ce wannan ta wane ce, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, sai ya shiga labarin karsanar da yadda ta tsinke igiya ta shiga rumfar mai tsire. Ina cewa Baba, Baffa fa yana kulle, sai ya ce ya sani, ya ƙarasa labarin. Ma'aikatan sakatariya da suka zo buga takardunsu suka manta da abin da ya kawo su, suka cika bencin suna sauraro. Wani har ya aika aka sayo masa gyaɗa. Baba ya ce mu tsallaka zuwa na ajamin, don yana tuna wani malami ne ya rubuta ta a ranar. Na ce a'a, aiki bisa tsari ake yinsa, lamba bayan lamba, in ba haka ba za mu rikice. Har a wannan hali ban daina koya masa aikinsa ba. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, muna cikin na boko.

Ranar Alhamis da la'asar muka shiga na ajamin, kuma ba mu yi nisa ba Baba ya dafa kafaɗata. Ninki huɗu, manyan ramuka biyu a kusurwa, ga dangwalen yatsansa a ƙasa ya ɗan karkace. Na duba lambar, na buɗe akwatin na zaro ainihin takardar. Da na bi maganarsa tun Talata, da Baffa kwana ɗaya zai yi. Baba bai tuna mini ba.

Da sassafe ranar Juma'a maigidana ya ari mota ya kai mu har inda hanya ta yarda, sauran muka ƙarasa a kan babura. Mun sami shugaban 'yan bangan zaune a gindin bishiyar da aka ɗaure san, dattijo ne mai furfura, ga mai ƙara a gefe, ga mutanen gari sun taru. Aka fito da Baffa. Ya rame a kwana ukun nan, rawaninsa ya yi datti, amma ya gaida kowa kamar a rugarsa aka same shi. Baba ya miƙa takardar. Shugaban ya karɓa, ya juya ta, ya dubi gefunanta da suka miƙe tsaf, ya kai ta hanci ya sunsuna.

Ya ce, "Wagga takarda jiya anka yi ta. Ku dube ta, ko lanƙwasa babu. Takardad damina biyu awa wadda anka fiddo daga shago?"

Wurin ya ɗauki guna-guni. Na ga wuyan Baba ya sauka, mutumin da ba a taɓa ce wa ya ƙirƙiri shaida ba. Ban san lokacin da na fito daga bayan maigidana ba. Na durƙusa na gaishe su, na ce ni 'yarsa ce, kuma ni na goge takardar da dutsen guga. Shugaban ya sa na maimaita, na maimaita. Sai ya tambaye ni da gaske, ba alamar wasa a fuskarsa, ko na sa mata sitaci. Dariya ta ɓarke har mai ƙara sai da ya riƙe ciki. Na fito da wayata na nuna musu hoton, na ƙara girma suka ga layin naɗi da ramukan ƙaya, wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Baba kuma ya karɓi takardar ya ɗan matsa ta da yatsu biyu, sai ta bi tsohon layinta ta ninku huɗu ba gardama. Aka kira limamin garin ya karanta ajamin. Jan sa, ƙahon hagu ya ɗan karye a baki, da tabon wuta a cinya. Aka duba san, ga su nan. Mai ƙara ya zagaya shi sau biyu ya ce nasa ba shi da tabo, kama ce ta yi yawa. Aka kwance sa, aka ba Baffa haƙuri.

Na zaci magana ta ƙare a nan. Ran kasuwa na gaba Baffa ya zo gida da ƙwaryar nono kamar yadda ya saba. Ya yi godiya mai tsawo, ya tambayi lafiyar kowa har da tawa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce 'ya'yansa sun matsa masa. Sun sayo masa jakar leda mai zif, sun ce gara takardunsa su riƙa zama a jikinsa. Ya roƙi Baba, in ba damuwa, ya tattara masa su. Baba ya ce ba komai, ai nasa ne, a dai ba shi lokaci.

Lokacin kuwa ya ɗauke mu kusan wata biyu. Kowace Asabar Baba ya hau mota zuwa Tambuwal, mu zauna gaban kwamfuta, yana faɗin mai takarda da shekarar ciniki ina rubutawa a matsayin sunan kowace. Na daina katse masa labari. Wasu ya gane, wasu da yawa almakashina ya tafi da su har abada, sai dai ya daɗe yana kallo ya ce in wuce. A cikin makonnin nan wasu makiyaya biyu ma suka aiko a ba su nasu.

Ina gida ranar da Baffa ya zo karɓa. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya fito da takardun, ya ninka kowace bisa lokacinta, ya tsire su da sabuwar ƙayar aduwa, sau biyu, sannan ya miƙa masa da hannu biyu. Baffa ya sa a jakarsa ya ja zif. Suka yi sallama kamar kullum, Baba ya raka shi har bakin hanya.

Da ya dawo ya zauna a kan tabarmar, hannuwansa a kan gwiwa ba abin da za su riƙe. Na zo na durƙusa a gabansa. Na ce Baba ka yafe mini, ni na jawo maka wannan, kuka ya hana ni ƙarasawa. Can ya ɗauki wata takarda daga cikin waɗanda ba mu gane masu su ba, ya shafa ta a tafin hannunsa, ya ɗan yi murmushi.

Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Guga dai ta yi kyau."

Ya mayar da ita cikin akwatin, ya tambayi Inna ko akwai sauran fura.